Bindigar Giwa da Farantin Baba Sajan

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, har sunan wasu jikokina sai na yi lalube kafin in kamo, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Kurmin Kogi sayen bindiga ba. Na so in manta. Na yi shekaru ina ƙoƙari, na gaji, na haƙura. Tunda abin ya ƙi barina, gara in ba ku labarin da bakina, don na ji yadda wasu ke ba da shi a Ikara suna ƙara masa gishiri, alhali ko ba gishiri ya ishe ni.

Zamanin mulkin soja ne, lokacin tsuke bakin aljihu, da ake bin layin sabulu da madara soja na tsaye da bulala. Ni direba ne a wani ofishin gona a Ikara. Shekara goma sha tara ina jan motar ofis, wata tsohuwar a-kori-kura, ban taɓa taka ko kaza ba (kuma a lokacin ba wanda zai zauna da ni minti biyar bai ji wannan maganar ba). Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, kusan shekara uku ke nan idona ya fara yaudarata. Abin da ke kusa ina ganinsa sarai. Amma da zarar abu ya ɗan yi nisa, sai ya zama kamar an shafa masa koko.

Za ku ce to yaya nake tuƙi? Da hadda. Hanyar Ikara zuwa Maƙarfi na san ta rami-rami, haka ta Hunkuyi zuwa Kudan. Na san inda ake kwana, na san inda shanu ke tsallakawa, na san inda masu rake ke tsayar da jakuna. Ina tafiya a hankali, hannuna ɗaya kan hon. Mutane kuwa suka yi ta yabona, wai ba direba mai natsuwa irina.

Tabarau fa? Na san akwai shi a duniya. Sai dai a lokacin ana ta rage ma'aikata. Takarda kan zo daga hedikwata a ce a aiko da sunayen tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda ba su da amfani, wata guda sai ka ga mutum ya fito daga ofis riƙe da farar ambulan, ba ya ko iya amsa gaisuwa. Direban da ya sa tabarau a irin wannan lokaci, a ganina, ya rubuta wa kansa takardar sallama ke nan. Ni kuwa ina da 'ya'ya bakwai da tsohuwa a gida, ba ni da wata sana'a sai sitiyari. Aikin nan shi ne abincinmu, shi nake tsoron rasawa.

Asirina ya fara ɓallewa ne wata rana da muka kai taki Kudan, ni da Ɗanjuma masinjan ofishinmu. Sojoji suka matsar da shingensu zuwa wani sabon wuri da ba ya cikin haddata. Ban ga durom ɗin da suka jera ba sai da gaban mota ya kusa sumbatarsa. Na taka birki har buhunan da suka rage a baya suka zame. Soja ya fito da ni, ya sa ni tsallen kwaɗo a bakin titi, da furfurata da komai. Da muka wuce, sai da muka kusa Hunkuyi sannan Ɗanjuma ya ce, "Yaya, anya idon nan naka lafiya kuwa?"

Na ce, "Birki ne ya yi sanyi."

Ya ce, "To, Allah ya kyauta."

Ɗanjuma mutumin kirki ne, amma cikinsa ba ya riƙe magana. Tun daga ranar, duk lokacin da ya shiga ofishin Oga da fayil ya ɗan daɗe, sai in ce maganata yake kai masa. Oga ya gaishe ni a taƙaice, in ce shi ke nan, ya ji. Ya gaishe ni da fara'a, in ce tausayina yake ji. Na rame, abinci ya daina yi mini daɗi. Na yanke wa kaina cewa dole in nuna wa Oga, ƙiri-ƙiri, a gaban shaidu, cewa idona ya fi na kowa a ofishin nan.

Shi Oga mutumin Zariya ne, ɗan boko, kuma yana da son zancen bindiga, don ya ɗan taɓa atisaye yana makaranta. A mota ne ya ba ni labarin wani tsohon soja a Kurmin Kogi, ana ce masa Baba Sajan, mai wata babbar bindiga da wani Bature ma'aikacin auduga ya bar masa. Bindigar giwa ake kiranta. Ya ce harsashinta ya kai kaurin babban yatsa, tana cin abu daga nisan da mutum ba zai ji kiranka ba, kuma tsohon na neman rabuwa da ita don kafaɗarsa ta gaji. Sai ya ƙara da cewa, "Akwai wani madubi a samanta, in ka leƙa, abin da ke can nesa sai ya zo maka har hanci."

Ina jin kalmar madubi na ji kamar an yi mini bushara. Dabara ta zo mini gaba ɗayanta. Zan sayi bindigar, in gayyaci Oga, in leƙa madubi in fasa abu daga nesa. Wa zai sake cewa mutumin da ya yi wannan ba ya gani? (Ku lura, ban tsaya na tambayi kaina ko akwai motar da ake tuƙawa ta cikin madubin bindiga ba.)

Da na gaya wa uwargida zan ba da babur ɗina a musanya da bindiga, ta ajiye tankaɗen da take yi ta dube ni.

"Malam, giwa ce ta shigo mana gona?"

"Ba farauta zan yi ba. Harbin gwaji ne, na nesa, irin na manyan mutane."

"Kai da shekaranjiya ka yi wa kututturen ɗorawa sallama a hanyar gona? Ka je asibiti a Zariya su duba ka, don Allah. Mutane na neman abin sa wa a tukunya, kai kana neman bindiga."

Na ce mata harkar maza ce, ba za ta gane ba. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta. Ita kaɗai ta san gaskiya, ita kaɗai kuma na ƙi saurara.

Na hau babur na tafi Kurmin Kogi. Baba Sajan dattijo ne dogo, mutumin kudancin Kaduna, ya yi yaƙi ya dawo ya zauna yana noma. Ba shi da yawan magana. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da gona da gajiya, ya shiga ɗaki ya fito da ita a naɗe cikin bargo. Nauyinta kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya sake shawara. Ya bar ni na leƙa madubin, ya murɗa mini wani abu a jikinsa, sai ga wata tsamiya can ƙarshen gonaki ta taso ta tsaya a gabana, ganye-ganye, har da wata kurciya a reshe. Rabon da in ga abu haka na manta.

Muka daidaita a kan babur. Ya ce, "Ka bar shi nan. Maganar lasin kuma sai an bi ta wajen 'yan sanda, wannan zai ɗauki lokaci. Amma kafin komai, ɗana, ni ba na ba mutum ita sai na gwada shi. Ka zo Asabar. Lahadi ina coci."

Na ce, "Baba, ko yau ma a shirye nake."

Ya ce, "Asabar."

Na koma na gayyaci Oga, ya yi murna ƙwarai. Na gayyaci Ɗanjuma musamman, don in rufe masa baki. Kafin Asabar ɗin ta zo, babu wanda bai ji a ofis ba cewa direba zai harba bindigar giwa, kuma ni da kaina na yaɗa.

Da hantsi muka isa, ni ke tuƙi, Oga a gefena, Ɗanjuma a baya. Baba Sajan ya kai mu wani fili bayan gari, an riga an cire amfanin gona, can ƙarshensa akwai wani suri, bayan surin kuma dutse. Ni dai an ce mini akwai suri, na kuma yarda. Labari ya riga mu zuwa, don manoma sun fi ashirin a gindin wata ƙirya, har da matan gidan Baba Sajan. Na yi ta gaisawa da mutane ina murmushi irin na wanda aka zo kallo.

Baba Sajan ya fito da wani babban farantin tangaran, fari, mai jan baki da zanen fure a tsakiya. Ya nuna wa kowa, ya sa a tsohuwar jakarsa ta soja, ya rataya, ya kama hanya ya nufi surin. Na bi shi da ido har ya narke. Ya daɗe. Can sai ga shi ya sake haɗuwa ya zama mutum, ya iso, ya shimfiɗa tabarma ya ce in kwanta rub da ciki. Na kwanta. Ya ɗora bakin bindigar a kan buhun yashi. Sannan ya zaro wani ɗan ƙarfe daga aljihu, ya kwance madubin, ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a aljihun rigarsa.

Na ce, "Baba, madubin fa?"

Ya ce, "Madubi na baya ne. Ido tukuna."

Wallahi a nan ya kamata in tashi in kakkaɓe rigata in ce cikina na ciwo. Na yi tunanin haka. Amma Oga na tsaye a kaina, hannuwansa a baya, Ɗanjuma na gefe, ga jama'a. Na manna kumatu a gindin bindiga, na runtse ido ɗaya na buɗe ɗaya. Abin da ke gabana ƙasa-ƙasa ne a ƙasa, fari-fari a sama, sai wani duhu a tsakiya da nake kyautata zaton dutsen ne.

Baba Sajan ya tsuguna kusa da kunnena ya ce, "Me kake gani a jikin suri?"

Na ce, "Faranti."

"Kana ganinsa sosai?"

"Sarai, Baba. Ga jan bakinsa nan."

Na ji wata 'yar hayaniya ta tashi daga gindin ƙirya. Na ɗauka mamaki suke yi. Sai na ƙara ƙaimi, na ɗaga murya don Oga ya ji da kyau. Na ce, "Har furen tsakiya ina hange."

Baba Sajan ya ce, "A miƙe yake, ko ya karkace?"

Na yi kamar mai nazari, na ƙara matse ido, sannan na ce, "Ya ɗan karkata hagu. Kaɗan dai. Ba komai, zan iya da shi a haka. Ba ni harsashi."

Wata mata ta yi wata irin ƙara kamar ta ƙware da ruwa. Ɗanjuma ya ce a hankali, "Yaya..." Na ce masa ya yi mini shiru, harkar saiti ba ta son surutu.

Baba Sajan ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da duniya, ya sauke jakar daga kafaɗarsa, ya buɗe, ya zaro farantin, ya ajiye shi a kan tabarma daidai hancina. Fari, mai jan baki, da furensa a tsakiya. Bai taɓa rataya shi ba. Zuwan da ya yi, ya je ya tabbatar babu mutum ko dabba a bayan dutse ne kawai. Duk wanda ke filin nan yana ganin surin tsirara tun ɗazu, sai ni kaɗai da ke ba su labarin fure.

Ba a yi dariya nan da nan ba, kuma wannan shirun ya fi dariyar ciwo. Ina kwance rub da ciki, babban mutum, uban 'ya'ya bakwai, na rasa yadda ake tashi daga tabarma. Na yi fatan ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba, ƙasar Kurmin Kogi tauri gare ta.

Baba Sajan ya janye bindigar daga hannuna ya ce, "Duk wanda ya zo saye haka nake yi masa. Amsar ita ce, 'Ban ga komai ba.' Da ka ce haka, da mun ci gaba."

Ku duba wannan al'amari. Gaskiyar da nake ɓoyewa shekara uku, ita ce amsar jarrabawar. Ban ga komai ba. Kalma huɗu, kuma babu wanda ya fi ni cancantar faɗinsu a filin nan.

Ya ci gaba yana naɗe ta a bargo, ba tare da ya dube ni ba. "Rashin gani ba laifi ba ne, ɗana, akwai magani. Amma wanda bai gani ba ya ce ya gani, ya nemi harsashi, na zauna da irinsu a daji. Na san abin da suke jawowa." Ya miƙo mini makullin babur, sai kuma ya fasa, ya miƙa wa Ɗanjuma. Ya ce, "Kai ka kai masa gida."

A lokacin ne dariya ta ɓalle a gindin ƙirya. Ban ga fuskokinsu ba, wannan kaɗai ne amfanin da idona ya yi mini ranar.

Na tashi na bi Oga zuwa mota. Na nufi ƙofar direba kamar kullum, sai ya miƙo hannu.

"Kawo makulli."

"Ranka ya daɗe, ai hanyar na san ta..."

"Na sani. Kawo."

Shekara goma sha tara ina cikin motar nan, ban taɓa zama a kujerar gefe ba sai ranar. Ban san inda zan ajiye hannuwana ba. Ƙafata ta yi ta taka birkin da babu shi. Da muka yi nisa na yi ta maza na ce, "Ranka ya daɗe, na san Ɗanjuma ya riga ya gaya maka. Abin da ya sa na yi haka ke nan."

Ya ce, "Ya gaya mini me?"

"Maganar idona. Ranar shingen sojoji."

Ya ɗan juyo ya dube ni, ya mayar da ido kan hanya. Ya ce, "Ɗanjuma bai taɓa ce mini komai ba. Ni ban taɓa jin maganar idonka ba sai yau, kuma kai ka ɗauko ni a mota ka kawo ni ka nuna mini. Sunayen da aka nema na aika tun makon jiya. Naka ba ya ciki."

Ashe duk ramar da na yi, ni kaɗai nake kokawa da kaina. Ɗanjuman da na yi wata biyu ina zargi, ya riƙe mini asiri fiye da yadda na riƙe wa kaina.

Oga ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Shekara uku."

"Shekara uku. Kana kai mini yara makaranta kullum da safe."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki in ce ban taɓa taka ko kaza ba, sai na ji maganar ta ƙi fitowa, kuma tun daga ranar ban sake faɗinta ba.

Bai wulaƙanta ni ba, Allah ya saka masa. Ya rubuta cewa na ajiye aiki saboda lafiya, don kada in fita hannu wofi. Amma mota kam ya ce ba zai iya sake ba ni ba, ko da tabarau, don ba idona ne ya daina yarda da shi ba, ni ne. Kafin wata ya ƙare na karɓi tawa ambulan ɗin. Uwargida ba ta ce "na gaya maka" ba. Ta dai ɗauko mayafinta ta ce, "Tashi mu je Zariya."

Likita bai yi minti ashirin a kaina ba. Ya sa na karanta wasu haruffa a bango, ya yi ta canza gilasai a hancina, ya ce ba wani abu ba ne, irinsa ya gani ya fi a ƙirga. Bayan kwana kaɗan muka koma muka karɓo tabarau.

A motar haya muka dawo, ina gefen taga, ranar kuma kasuwar Maƙarfi na ci. Da muka shigo gari na ga abin da ban shirya masa ba. Mutane ne a bakin titin nan maƙil. Tsofaffi masu sanda, mata da goyo, masu ɗauke da rake a ka ba sa ganin gabansu, yara na tsallakawa a guje ba sa duba ko'ina. Wannan hanyar na bi ta ɗaruruwan lokuta ina danna hon, ina ɗauka ni ne gwani. Ashe su ne suke kauce mini, Allah kuma yana tsarewa. Na kawar da kaina daga taga. Uwargida ta ce, "Lafiya? Ko gilashin ya yi maka ƙarfi?" Na ce a'a, daidai yake, daidai ɗin ne ya yi yawa.

Na koma gona, da ita na ƙarasa renon yaran, da daɗi ba daɗi. Bindigar giwa kuwa ban taɓa jin ƙararta ba, ban ma san wanda ya saye ta ba. Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ya zo mini a makare: in kana da lalura, likita ɗaya ya ishe ka, ba sai ka tara shaidu ashirin da mai gidanka ba. Yanzu in aka nuna mini abu aka ce, "Baba, ka gani?", in ban gani ba, tun kafin a rufe baki nake cewa ban gani ba.